Idan kilim ya daina sanyi: matakan bincike kafin a kai ga maganar gas

Daga ƙarshen Maris zuwa farkon Yuni, lokacin da zafi a Yamai kan haura digiri 40 kusan kowace rana, wani lokaci ma ya kai 45, na'urar sanyaya ɗaki, wadda muka fi sani da kilim, takan yi aikin da ya fi na duk sauran watannin shekara nauyi, kuma a daidai wannan lokaci ne take yawan gazawa. Fitilarta na kunne, iska na fitowa, amma ɗaki ya ƙi yin sanyi. Idan aka kira mai gyara, amsar da aka fi ji ita ce gas ya ƙare, a kawo kuɗi a ƙara. Sau da yawa wannan amsa ba daidai ba ce. Gas ɗin kilim ba kamar man babur ba ne da ake ƙonawa yana raguwa, domin yana zagayawa ne a cikin rufaffen bututu, kuma idan babu inda yake yoyo zai iya shekara goma bai ragu ba. A garinmu ƙura, raunin wutar lantarki da mutuwar wani ƙaramin ɓangare mai suna kondansater sun fi ƙarancin gas yawan hana sanyi, saboda haka ya kamata bincike ya fara daga abin da ba ya cin kuɗi, a bar maganar gas zuwa ƙarshe.

Domin a gane dalilin kowane mataki, sai an san abin da na'urar take yi. Kilim mai kashi biyu, wato wanda ake kafa rabinsa a bangon ɗaki rabi kuma a waje, kwashe zafin ɗaki yake yi yana zubarwa a waje. Gas ɗin yana shiga ɓangaren ciki da sanyi ƙwarai, ya bi ta bututun da ke lulluɓe da siraran fallayen alminiyam, fanka kuma ta hura iskar ɗaki ta ratsa su, sai gas ɗin ya ɗauke zafin iskar. Daga nan ya koma akwatin waje, inda kwamfiresa ke matse shi har ya fi iskar waje zafi, fankar waje kuma ta hure wannan zafi. Abubuwa huɗu ke nan dole su yi daidai: iska ta ratsa ɓangaren ciki, iska ta ratsa akwatin waje, kwamfiresa ya tashi, gas kuma ya kasance a cike. Na tagar ɗaki, wanda yake dunƙule a akwati guda, shi ma haka yake aiki.

Kafin a taɓa wani abu da ya wuce murfin gaba, a kashe wutar daga dizonter, wato makatsin wutar da ke kan layin kilim ɗin, ko a zare filogi. Kashewa da telekoman kaɗai, wato ɗan abin hannun da ake kunna kilim da shi daga nesa, ba ta isa ba, domin wuta tana nan a cikin na'urar ko da ta yi shiru.

Fara da telekoman

Abin zai yi kama da raini, amma a fara duba fuskar telekoman. Yara kan yi wasa da shi, babba ma yakan danna maɓallin da bai yi niyya ba a cikin duhu. Alamar da ake so ita ce mai kama da tauraron ƙanƙara, ita ce ta sanyi. Alamar ɗigon ruwa ta busar da danshin iska ce, kuma a bazarar Yamai, da iska ke bushe ƙayau, kusan ba ta da amfani. Alamar fanka tana nufin iska kawai za ta fito ba tare da kwamfiresa ya tashi ba, alamar rana kuwa ta ɗumama ɗaki ce a na'urorin da ke da ita. A mayar da shi kan sanyi, a sauke lambar zuwa 18 don gwaji, a sa fanka a kan mafi ƙarfi, sannan a jira. Yawancin na'urori ba sa barin kwamfiresa ya tashi sai bayan kamar minti 3 da kunnawa, domin matsin gas ya daidaita, don haka kada a yanke hukunci a minti na farko. Idan ana shakkar telekoman ɗin kansa, a buɗe kyamarar waya a nuna mata ƙwayar da ke bakinsa a danna maɓalli. A yawancin wayoyi za a ga ɗan haske yana ƙyaftawa idan yana aiki, idan ba a gani ba a canza batir.

Bayan na'urar ta yi minti 15 tana aiki, a auna. Ma'aunin zafi na dafa abinci ko na ɗaki ya isa. A riƙe shi a sama, inda iska ke shiga, a rubuta abin da ya nuna, sannan a riƙe shi a bakin da iska ke fita. Idan bambancin ya kai digiri 8 zuwa 12, na'urar tana aikinta, matsalar tana ɗakin ne ko girman na'urar, kuma za mu koma kan wannan a gaba. Idan bambancin bai wuce digiri 3 ko 4 ba, akwai abin da ya lalace. Wannan awo ya fi sa tafin hannu a bakin iska, domin hannun da ya shigo daga rana kowace iska zai ji ta da sanyi. Idan kuma fuskar na'urar tana nuna harafi da lamba, ko fitila tana ƙyaftawa a jere, a rubuta abin da aka gani a duba littafin da ya zo da ita, saboda ma'anar waɗannan lambobi ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Ragar ƙura da abin da ke bayanta

A ɗaga murfin gaba a zaro ragogin nan biyu na roba. A gidan da aka bar kilim tun watan Nuwamba ba a buɗe shi ba, hunturu ya gama cika su, sai a tarar da su kamar an shafe su da jar ƙasa. A ɗaga raga a kalli haske ta cikinta, idan ba a ganin haske sosai to iska ma ba ta wucewa. A kakkaɓe ta a waje, a wanke da ruwa da ɗan sabulu ta bayanta domin dattin ya fita ta inda ya shigo, a shanya a inuwa. Ruwan zafi da rana mai ƙarfi suna lanƙwasa robar, ragar da ta lanƙwashe kuwa ba ta zama daidai a mazauninta, ƙura sai ta riƙa bi ta gefe. A lokacin zafi da lokacin guguwar da ke gabatar ruwan farko, wanki sau ɗaya a kowane mako biyu bai yi yawa ba, musamman a unguwannin da titinsu ba shi da kwalta.

Tun da murfin yana buɗe, a haska tocila a kan fallayen alminiyam da ke bayan ragar. Idan ƙura ta toshe tsakaninsu, a share da buroshi mai laushi daga sama zuwa ƙasa, yadda fallayen suka jeru, kada a goga a kaikaice domin suna da saurin lanƙwashewa kuma suna yanka hannu. Sannan a leƙa ta bakin da iska ke fita a duba doguwar fankar nan mai siffar gora da ke kwance a ciki. Mutane da yawa ba su taɓa kallonta ba. Ƙura da danshi sukan haɗu su daskare a kan kowane haƙorinta har ya cike, fankar tana juyawa da ƙara amma iskar da take turowa ba ta taka kara ta karya ba. Alamarta ita ce iska mai sanyi amma marar ƙarfi, wadda ke fita a wani gefe ta ƙi fita a wani, wani lokaci da baƙin datti yana faɗowa a kan gado. Ana iya rage dattin da tsohon buroshin haƙori, a kashe wuta, ana juya fankar da yatsa a hankali, amma wanki na sosai yana buƙatar a rufe allon lantarkin da ke gefe da leda a ɗaura jakar tare ruwa, wannan kuwa aikin mai gyara ne.

Idan da aka buɗe an tarar da ƙanƙara ta lulluɓe fallayen, a kashe sanyin a bar fanka kaɗai tana aiki har ta narke gaba ɗaya, a ajiye bokiti a ƙasa. Kada a ɓamɓare ta da wuƙa ko sukudireba, domin bututun da ke ƙarƙashi siriri ne, huda shi kuwa ita ce asarar gas ta gaskiya. Ƙanƙara tana fitowa ne idan iska ba ta wucewa, ko idan gas ya yi ƙasa. Bayan an wanke raga an share fallaye, idan ba ta dawo ba an huta.

A fita waje a saurara

A mayar da wuta, a kunna kilim a kan sanyi, a je a tsaya kusa da akwatin waje na minti biyar. Kunne da tafin hannu suna ba da labari mai yawa a nan. Idan komai lafiya, fanka za ta juya da ƙarfi, a ji gurnanin kwamfiresa mai ɗorewa a ƙarƙashin ƙarar fankar, iskar da ke fita ta gaba kuma ta fi ta gari zafi a fili. Idan iskar da ke fita ba ta fi ta gari zafi ba, ba a kwaso komai daga ɗaki ba ke nan: ko kwamfiresa bai tashi ba, ko yana juyawa babu isasshen gas.

Idan akwatin ya yi tsit, babu fanka babu kwamfiresa, alhali na ciki yana aiki, to umarni ko wuta ba ta isowa. Dalilin kan iya zama wayar da ta haɗa ɓangarorin biyu ta saki ko ta ƙone a mahaɗa, ko ɗan ma'aunin zafin da ke maƙale a gaban fallayen ciki ya lalace yana gaya wa na'urar cewa ɗaki ya riga ya yi sanyi, ko kuma allon lantarki ya samu matsala. A na'urori na zamani masu inbata, wato waɗanda kwamfiresansu ke rage gudu ko ƙarawa maimakon ya tsaya ya tashi, kuma allonsu ke cikin akwatin waje, tsaka da ƙadangare sukan shiga neman mafaka su haɗa wuta, a buɗe a tarar da gawar a manne da allon.

Idan kuma na'urar tana yin sanyi da safe da dare, amma daga azahar zuwa la'asar ta riƙa yankewa tana dawowa, zafi ne ya yi wa akwatin waje yawa. A nan ne ya kamata a daɗe ana dubawa, domin ita ce cutar da ta fi kama kilim a Yamai. A kalli bayan akwatin da gefensa, inda fallayen suke. Ƙasa, gashin kaji, ganyen dogon yaro, guntun leda, duk fanka tana zuƙo su su manne. Wani lokaci fuskar fallayen takan yi kamar tana da tsabta, amma idan aka haska tocila ta ciki sai a ga haske ba ya ratsawa, saboda ƙurar ta shige tsakiya ta daskare. Idan zafi ya kasa fita, matsin gas yana hauhawa, kwamfiresa yana jan wuta fiye da ƙima yana ƙara zafi, har abin kariyar da ke jikinsa ya yanke shi. Bayan ya huce ya sake tashi, ya sake yankewa, kuma kowane zagaye yana rage masa kwana.

Wankin ba shi da wuya. A kashe dizonter, a cire manyan tarkace da hannu, a rufe gefen da wayoyi ke shiga da leda, sannan a sa tiyo a zuba ruwa a kan fallayen daga sama zuwa ƙasa har ruwan da ke gangarowa ya daina fita ja. Idan za a iya cire murfin sama a watsa ruwan daga ciki zuwa waje, ya fi kyau, domin dattin zai koma ta hanyar da ya shigo. Kada a yi amfani da injin wankin mota mai tsananin ƙarfi a kusa, yana kwantar da fallayen su toshe hanyar iska gaba ɗaya. A bar akwatin ya tsane kafin a mayar da wuta.

Wurin da aka ajiye akwatin ma abin dubawa ne. Wanda aka kafa a bangon yamma, ko a kan rufin siminti da rana ke dukansa tun hantsi, yana shaƙar iskar da ta fi ta gari zafi da nisa. Rumfa a samansa tana taimakawa, muddin an bar gefuna a buɗe. Kejin ƙarfe da ake yi masa saboda ɓarayi ba laifi ba ne idan na sanduna ne, amma wanda aka kewaye da kwano, ko aka cusa a lungu tsakanin katanga biyu, iskar zafin da ya fitar ita yake sake zuƙa. Yana buƙatar kamar santimita 30 tsakaninsa da bango ta baya, da fili na aƙalla mita ɗaya ta gaba. Sai kuma a karanta takardar da ke manne a gefensa. Na'urar da aka rubuta wa T1 an ƙera ta ne don yanayin da zafinsa ba ya wuce digiri 43, mai T3 kuwa tana jurewa har wajen 52. Da yawa daga cikin na hannu da ake shigowa da su daga Turai T1 ne, kuma irinsu ko an wanke su fes za su iya gazawa da tsakar ranar Afrilu ba tare da wani abu ya lalace a jikinsu ba.

Wutar da ke shigowa

Wutar gida da kamfanin lantarki na NIGELEC ke rabawa ta volt 220 ce, kuma a lokacin zafi, da kowa ke kunna abin sanyaya wuri a lokaci guda, takan yi rauni, musamman a gidajen da ke ƙarshen layi nesa da taransifoma. Fanka da ƙwan fitila suna haƙuri da raunin wuta, kwamfiresa ba ya yi. Idan ta sauka ƙasa da 200 yana tashi da ƙyar, idan ta ƙara sauka sai ya yi gurnani ya kasa juyawa. Alamar da ake gani ba tare da ma'auni ba ita ce fitilun gida su dushe sosai duk lokacin da ya yi yunƙurin tashi. Wanda ke da ma'aunin wuta ya auna a soket ɗin kilim sau biyu, kafin kwamfiresa ya tashi da kuma lokacin da yake aiki. Idan wutar tana da kyau a mita amma ta faɗi sosai a soket, laifin wayar cikin gida ne: ta yi siriri, ko ta yi tsawo, ko wata mahaɗa ta saki. Kilim yana son layinsa na kansa, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da dizonter nasa. A taɓa filogi bayan rabin awa na aiki, idan ya yi zafi ko bakinsa ya yi baƙi a canza shi tare da soket ɗin, kada a jira ya narke.

Idan raunin daga layin gari ne, regilater, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, mai ƙarfin da ya fi abin da kilim ke ja da rata mai kyau zai taimaka, ƙarami kuwa shi ma ƙonewa zai yi. Haka janareta: kwamfiresa na gargajiya, wato wanda ba mai inbata ba, yana jan ninki huɗu zuwa shida na wutar aikinsa a daƙiƙar da yake tashi, shi ya sa injin da ke ɗaukar firiji da talabijin da fankoki lafiya lau yake durƙushewa idan aka kunna kilim. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a kashe a jira minti biyar, musamman ga tsofaffin na taga da ba su da jinkirin kariya.

Kondansater

Ga alamar da ya kamata kowane mai kilim ya sani. Fankar waje tana juyawa, sai a ji kwamfiresa ya yi gurnani na ƴan daƙiƙu, sannan a ji ƙas, ya yi shiru. Bayan minti biyu ko uku ya sake, haka dai. Idan an auna wuta an ga tana da kyau, abin da ake fara tuhuma shi ne kondansater, wani ɗan gwangwani mai kama da na lemo wanda ke cikin akwatin waje kusa da inda wayoyi ke shiga. Shi ne ke ba kwamfiresa ƙarfin juyawa, kuma zafi ne babban abin da ke kashe shi. A kashe na'urar da zarar an ji wannan alama, domin kowane yunƙuri yana gasa wayoyin cikin kwamfiresa, a ƙarshe abu mai araha ya jawo asarar mai tsada.

Wanda ya mutu sau da yawa kansa yakan kumbura, ko a ga mai ya tsattsafo a jikinsa, amma yana iya mutuwa ba tare da ya canza kama ba, sai an auna. A jikinsa an rubuta ƙarfinsa da maikrofarad, galibi tsakanin 25 da 50 ga na kwamfiresa a kilim na gida, da kuma volt ɗin da yake jurewa, yawanci 450. Fankar waje tana da nata ƙarami, mai maikrofarad 1.5 zuwa 3 ko kusa da haka, wani lokaci a haɗe da babban a gwangwani guda mai kai uku. Idan na fanka ne ya mutu, za a ga kwamfiresa yana aiki fanka kuwa tana tsaye ko tana jan jiki, idan aka tura ta da siririn kara sai ta kama juyawa.

Canza shi aiki ne na minti goma, amma yana da haɗari, domin yana iya riƙe wuta bayan an kashe dizonter. Wanda bai saba da aikin lantarki ba ya bar wa mai gyara. Wanda ya saba ya kashe wuta, ya jira, ya ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayarsa kafin ya zare ko ɗaya, ya sauke ragowar wutar ta hanyar haɗa kawunan da sukudireba mai mariƙin roba, sannan ya cire shi ya tafi da shi kasuwar Katako ko shagon kayan sanyi ya sayo mai lambar maikrofarad iri ɗaya. Volt ɗin sabon zai iya fin na tsohon, amma kada ya gaza shi. Duk wannan bai shafi mai inbata ba: kwamfiresansa ba ya amfani da irin wannan gwangwani, allonsa kuma yana riƙe wuta mai sama da volt 300 na wasu mintuna bayan an kashe, don haka kada a sa masa hannu.

Yanzu maganar gas

Idan raga tana da tsabta, akwatin waje an wanke, wuta tana da kyau, kwamfiresa kuma yana gurnaninsa ba ya yankewa amma sanyi babu, to an iso inda tuhumar gas take da hujja. A duba bututu biyu na jan ƙarfe a inda suka shiga akwatin waje. A na'ura mai lafiya, mai kaurin yakan yi sanyi sosai a hannu, siririn kuma ya yi sanyi daidai. Idan gas ya ragu, sai a ga farar ƙanƙara a kan siririn da notinsa, mai kaurin kuwa ba shi da wani sanyi. Ƙanƙara a kan mai kaurin ta fi nuna cewa iska ba ta ratsa ɓangaren ciki, sai a koma a sake duba raga da fanka. Akwai abin da ke ruɗar mutane a nan: a Maris da Afrilu iska ba ta da danshi, saboda haka bututun ba lallai ya yi gumi ba, tiyon zubar da ruwa ma yana iya ƙin ɗiga, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce. A watan Agusta ne rashin ɗigar ruwa yake zama abin tambaya.

Gas yana tafiya tare da ɗan mai, don haka inda yake yoyo yakan bar maiƙo da ƙura ta manne a kai. A duba notuna huɗu da suka ɗaure bututun, biyu a waje biyu a bayan ɓangaren ciki, domin a nan yoyo ya fi faruwa, musamman idan bakin bututun ba a buɗa shi da kyau ba ranar da aka kafa, ko an taɓa ciro na'urar daga wani gida. A kaɗa sabulu da ruwa ya yi kumfa a shafa a kansu bayan an kashe na'urar, lokacin da matsi ya fi yawa a mahaɗan, a zuba ido a ga ko kumfar za ta riƙa hurowa.

Iyakar mai gida ke nan, sauran na mai gyara ne, amma yana da kyau a san yadda aikin kirki yake domin a iya sa ido. Mai gyaran da ya ɗaura agogonsa na awon matsi ya buɗe tulun gas ba tare da ya nemi inda ke yoyo ba, ya sayar da sanyin mako biyu ne ko wata ɗaya. Aikin da ya dace shi ne a gano ramin, idan bai fito da sabulu ba a matsa bututun da iskar naitirojin, a sake buɗa bakin bututu a ɗaure ko a yi walda, sannan a ɗaura famfon zuƙe iska na aƙalla minti 20 zuwa 30 domin a fitar da iska da danshi, a rufe a ga ko allurar agogo za ta motsa. Daga nan a zuba gas a kan sikeli daidai nauyin da aka rubuta a takardar gefen akwatin, tare da ƙarin da littafin na'urar ya faɗa idan bututun ya yi tsawo. Kada a yarda a gwada bututu da iskar oksijin ta masu walda, haɗuwarta da man kwamfiresa tana iya fashewa.

Nau'in gas ɗin ma yana rubuce a wannan takarda, kuma ba a gauraya su. Tsofaffin na'urori R22 suke sha, wanda ake janyewa daga kasuwannin duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. Na bayansu R410A ne, mai matsi da ya fi na R22 da kusan rabi, kuma da yake gaurayen gas biyu ne ana zuba shi yana ruwa-ruwa, ba yana iska ba. Sababbi da yawa R32 ne, wanda yake iya kama wuta, don haka ba a kusantar da harshen walda sai an tabbatar bututun ya wofinta. Cika gas fiye da ƙima ma cuta ce, yana ƙara matsi ya sa kwamfiresa ya riƙa yankewa da rana, ga shi kuma mutane suna ɗauka alheri aka yi musu.

Idan aka ce kwamfiresa ya mutu

Kada a karɓi wannan hukunci a kan kwamfiresa mai zafi. Abin kariyar da ke cikinsa yana iya ɗaukar sa'o'i kafin ya koma daidai, kuma kafin nan ma'auni zai nuna kamar wayarsa ta tsinke. A bar shi ya huce, a gwada da sabon kondansater, sannan mai gyara ya auna kawunansa uku a gaban mai gida. Idan wani kai yana da haɗi da gangar jikin ƙarfen, wanda shi ne ke sa dizonter faɗuwa da zarar an kunna, ko wayar ta tsinke ko da ya huce, to ya mutu da gaske. A tsohuwar na'ura mai R22 da fallayenta suka fara ruɓewa, ni ban ga hikimar sa sabon kwamfiresa ba, gara a tara kuɗin a sayi mai T3.

Saura wanda awonsa na farko ya nuna bambancin digiri 8 zuwa 12 amma ɗaki bai yi sanyi ba. Nasa kilim ɗin lafiya yake, zafin da ke shigowa ne ya fi wanda yake fitarwa. Ana auna ƙarfin sanyayawar kilim da doki ko da BTU: mai doki ɗaya, wato BTU 9000, na ƙaramin ɗakin kwana ne, mai doki ɗaya da rabi, BTU 12000, yana ɗaukar ɗaki mai kamar mita 4 a kan 4 ko ɗan fiye, falo kuwa yana son 18000 zuwa sama. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin, ko mai tagar gilashi da ke kallon yamma, yana buƙatar fiye da wannan lissafi. Sauke lamba zuwa 16 ba ya ƙara wa na'urar gargajiya ƙarfi, hana kwamfiresa hutawa kawai yake yi. A toshe ƙasan ƙofa da ramin da bututu ya bi ta bango, a sa labule mai kauri, a gyara baƙin soson da ke naɗe da bututun idan rana ta cinye shi, a kunna kilim ɗin tun kafin bango ya gama ɗaukar zafi, a tsayar da shi a 24 ko 25 tare da fankar silin a hankali. Idan kuma ruwa ne ke ɗiga daga ɓangaren ciki a lokacin damina, a duba bakin tiyon da ke waje, zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a ciki tun lokacin rani, a zare lakar da siririyar waya a zuba ruwa kofi biyu a tiren da ke ƙarƙashin fallayen a ga ko zai fita.